Tambaya da Amsa: Me ya sa hedifon ke sa ciwon kai idan aka wuni da shi?

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ina aiki a wata cibiyar amsa kiran waya, inda nake wuni da hedifon mai makirfo a kaina na kusan awa takwas. Kafin azahar sai in ji tsakar kaina tana zogi, bayan kunnuwana kuma su ɗauki zafi, ga shi ina sa tabarau, kuma a kan ɗankwali nake ɗora na'urar. Na sayi wani mai soso mai kauri da kuɗina, amma ba ta sauya zani ba. Shin laifin na'urar ne ko na kaina, kuma me ya kamata in duba idan zan sake saye? Daga wata mai karatu a Kaduna.

AMSA: Wa'alaikumus salam, Malama. Kanki ba shi da laifi, kuma kaurin soso ba shi ne magani ba, ko da yake shi ne abin da mai shago zai fara nuna miki domin shi ido ke gani. Maɗaurin da ya ratsa bisa kai aiki biyu yake yi a lokaci guda: yana ɗora wani kaso na nauyin na'urar a kan tsakar kai, sannan yana matse kofunan kunnen daga gefe biyu don kada su zame. Idan maƙeri ya sassauta matsin gefe, nauyin duka sai ya koma tsakar kai, idan kuma ya ƙara matsin domin ya sauƙaƙa wa tsakar kai, sai kunne da muƙamuƙi su ɗauki wahalar. Duk gwanintar ƙera maɗauri tana cikin raba wannan kaya tsakanin wuraren biyu, kuma bisa bayaninki, naki ya gaza a duka biyun.

Mu fara da tsakar kai. Fata ba ta damu da yawan nauyi ba kamar yadda ta damu da faɗin wurin da nauyin ya sauka. Duk wadda ta taɓa ɗaukar tulu ta san cewa gammo ba ya rage ko ɗigon ruwa daga cikin tulun, abin da yake yi shi ne ya baza nauyin a zagaye, ya kuma ɗauke shi daga ƙololuwar kai. Idan hedifon mai giram 300 ya sauke nauyinsa duka a kan wuri mai faɗin santimita murabba'i 10, matsin da fata ke sha ya kusa faskal 3,000 (faskal ma'aunin matsi ne), amma idan nauyin nan ya bazu a kan santimita murabba'i 40, sai ya sauko ƙasa da faskal 750. Wannan lissafi yana da muhimmanci saboda ƙananan jijiyoyin jini da ke cikin fata su ma da ɗan ƙaramin matsi suke aiki. Tun a 1930 wani likita ɗan Amurka, Eugene Landis, ya auna shi ya samu kusan milimita 32 a ma'aunin hawan jini, wato kimanin faskal 4,300. Da zarar abin da ke danne fata ya doshi wannan adadi, jini ba ya gudana yadda ya kamata a wurin, kuma fatar tsakar kai ba ta da tsoka mai kauri tsakaninta da ƙashi da za ta kare ta. Shi ya sa ba a jin komai a minti goman farko, sai daga baya zogin ya fara.

Wani abin da masu ƙera na'urori masu araha kan manta shi ne cewa kan mutum ba ƙwallo ba ne. Mutane da yawa suna da ɗan tudu da ya miƙe daga gaba zuwa baya a tsakiyar kai, inda ƙasusuwan ƙoƙon kai biyu suka haɗu. Idan lanƙwasar maɗaurin ta fi ta kan mai shi buɗewa, to a kan wannan tudun kaɗai zai zauna, kuma komai kaurin soson da aka liƙa masa, zai lotsa a wannan wuri ɗaya har ya zama kamar babu shi.

Kamfanonin da suka ɗauki lamarin da muhimmanci sun bi hanyoyi daban-daban. AKG na ƙasar Ostiriya, a samfurinsa K240 da ya fito a 1975, ya raba aikin gida biyu: siraran ƙarafa biyu a sama suna yin matsin gefe ba tare da sun taɓa kai ba, sannan wata faffaɗar ɗamara mai laushi tana rataye a ƙarƙashinsu, tana kwanciya bisa siffar kan duk wanda ya sa ta. A ganina, ga mai aikin wuni, wannan tsari na ɗamara mai lilo ya fi kowane, domin ba ya bukatar maƙeri ya yi hasashen siffar kan mai saye. Sennheiser na Jamus kuma, a HD 25 mai nauyin giram 140 kacal, wanda ma'aikatan gidajen rediyo da talabijin suka daɗe suna amfani da shi, ya tsaga maɗaurin biyu yadda za a iya ware ɗaya gaba ɗaya baya, a HD 650 kuwa sai ya bar rami a tsakiyar soson, daidai inda tudun nan yake. Apple ya shimfiɗa saƙaƙƙiyar raga a kan firam na ƙarfe a AirPods Max da ya fitar a 2020, saboda nauyinsa ya kusa giram 385, alhali WH-1000XM5 na Sony giram 250 ne. Ragar tana taimaka wa fatar kai, amma ba ta rage wa wuya komai, wuyan da dama can yake ɗauke da kai mai nauyin kusan kilo biyar.

Sai matsin gefe, wanda shi ne ke ƙona miki bayan kunne. A Turai akwai ƙa'idar EN 352-1 da ta shafi abin rufe kunne mai maɗauri na ma'aikatan masana'antu, wadda ta ce ƙarfin maɗauri kada ya wuce niyuton 14, wato kamar nauyin kilo ɗaya da giram 400, kuma matsin matashin kunne kada ya wuce faskal 4,500. Za ki lura cewa wannan adadi na biyu bai yi nisa da abin da Landis ya auna ba. Wannan iyaka ce ta kayan da dole su matse sosai domin hana ƙarar injina shiga, saboda haka hedifon na ofis ba shi da dalilin kusantarta. Matuƙa jirgin sama, waɗanda su ma suke shafe awanni da shi a ka, sun daɗe suna kuka da wannan matsi, har ma lokacin da kamfanin Bose ya fitar musu da hedifon A30 a 2023, babban abin da ya tallata shi da shi shi ne cewa matsinsa ya gaza na wanda ya gabace shi, A20, da kashi 20 cikin ɗari. Bayan ƙarfin matsin, akwai batun ko kofunan suna juyawa. Gefen kai ba a miƙe yake ba, ya fi faɗi a sama ya tsuke wajen muƙamuƙi, don haka kofin da ba ya karkata sama da ƙasa, gaba da baya, zai danne gefe guda ya bar ɗayan. Ke kuma da kike sa tabarau, hannun tabaran yana shiga tsakanin matashi da ƙashi, sai matsin duka ya taru a kan siririn layi ɗaya.

Kukan ba sabo ba ne. Nathaniel Baldwin, wanda ya haɗa hedifon a ɗakin girkinsa a jihar Utah a 1910 ya sayar wa rundunar sojin ruwan Amurka, sai da ya sake fasalin maɗaurinsa ya naɗe wayoyin da fata domin masu aikin rediyo su iya jure shi. Kamfanin Plantronics, wanda na'urorinsa suka cika cibiyoyin amsa kira daga baya, matuƙa jirgi biyu ne suka kafa shi a 1961 da nufin samar da mara nauyi.

Idan za ki sake saye, nemi wanda aka yi musamman domin aikin waya, domin yawancinsu ba su kai rabin nauyin na jin kiɗa ba, kuma idan ofishinku ba shi da hayaniya sosai, mai kunne ɗaya ya wadatar, wanda ɗayan gefensa ke da ɗan matashi da ke dafe sama da kunne. Ki gwada shi da ɗankwalin da tabaran da kike aiki da su, ki bar shi a kanki na aƙalla minti ashirin, sannan ki tura yatsa ƙarƙashin maɗaurin daga dama da hagu: idan yatsa ya shige a gefe biyu alhali tsakiya a danne take, wannan ba naki ba ne. Ki lura kada maɗaurin ya hau kan ƙullin ɗankwali, ko fil, ko layin kitso mai tudu, domin duk wani abu mai tauri a ƙarƙashinsa yana mayar da faffaɗan maɗauri tamkar siriri. Wanda kike da shi yanzu, idan cikinsa ƙarfe ne, za ki iya sassauta shi ta hanyar ɗaura shi a kan jerin littattafai da suka ɗan fi kanki faɗi ya kwana, amma na roba zalla ba ya son haka, karyewa yake yi. Ki riƙa cire shi na 'yan mintoci duk awa, ki kuma ɗan gusa shi gaba ko baya idan kin mayar.

Ƙungiyar likitocin ciwon kai ta duniya ta san irin wannan ciwo da ke zuwa daga matsin hula ko kwalkwali ko maɗauri, kuma alamarsa ita ce yana farawa cikin awa ɗaya da sa abin, ya kuma lafa cikin awa ɗaya da cire shi. Idan naki ba ya lafawa bayan kin tashi aiki, ko yana zuwa da jiri ko ƙara a kunne, to ki ga likita, ki kuma duba ƙarfin sautin da kike saurare da shi, domin Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada babba ya wuce desibel 80 na tsawon awa 40 a mako, wanda kusan shi ne makon aikinki gaba ɗaya.

TAMBAYA: Ni mai gyaran kayan sauti ne, kuma ana yawan kawo mini hedifon da fatar maɗaurinsa ta sāɓule tana zuba kamar dusa, alhali sautinsa lafiya lau. Ina so in riƙa ɗinka sabon rufi da kaina. Wane kaya ya fi dacewa? Daga wani mai karatu a Kano.

AMSA: Malam, abin da ke zuba ɗin ba fata ba ce, siririn shafe ne na robar da ake kira foliyuretan a kan ƙyalle, kuma danshi da zafi ne ke warware shi, shi ya sa gumi da man gashi a yanayi irin namu suke gama da shi da wuri, ko da kuwa na'urar mai tsada ce. Kana da zaɓi biyu masu kyau. Fatar akuya ta gaskiya da aka jeme ta yi laushi, irin ta jar akuyar Sakkwato da dukawanmu suka saba da ita, tana daɗewa kuma ana iya goge ta, sai dai ka tabbata rininta ba ya zuba, ta hanyar goga mata farin ƙyalle mai ɗan jiƙa kafin ka yanka, domin kada ta ɓata wa mutum farar hula. Ƙyalle mai shan iska kuma ya fi sanyi a lokacin bazara, amma yana shan gumi, don haka gara a yi shi da maɓalli ko zif yadda za a cire a wanke.

A ciki, kada ka dogara ga soson nan mai laushi da ke dawowa a hankali, wanda aka ƙirƙiro a 1966 domin kujerun jiragen sama a wani aiki na NASA, hukumar binciken sararin samaniya ta Amurka. Zafi yana ƙara masa laushi, har ya lotsa ƙwarai a kan mai gumi. Ka shimfiɗa soso mai ɗan tauri a ƙasa, ka ɗora siririn mai laushi a samansa ta ɓangaren da ke taɓa kai. Ka fi ba faɗi muhimmanci a kan kauri, domin rufi mai kauri da yawa yana ɗaga maɗaurin sama, kofunan su kasa kaiwa kunne ga mai babban kai. Ka yanka soson gida biyu ka bar tazarar kamar yatsu biyu a tsakiya, ɗinkin kuma ya koma sama, kada ko ɗaya ya kwanta a kan fata. Idan ka ja rufin ya sauko har ya rufe bakin wurin da ake zugewa a ƙara tsawo, ka yi wa masu dogon gashi babban taimako, domin a nan ne gashi ke maƙalewa.

TAMBAYA: Ɗana yana wuni da hedifon yana wasan kwamfuta, idan ya cire sai in ga kwarmi a tsakar kansa. Shin ƙashin ne ke lotsawa? Daga wata uwa a Zinder.

AMSA: Hajiya, ki kwantar da hankalinki, nauyin giram ɗari biyu ko uku ba ya lotsa ƙashin kan matashi. Abin da kike gani gashi ne da ya kwanta da kuma fata da ta danne na ɗan lokaci, kuma yakan baje da kansa cikin mintoci ko 'yan awanni. Sai dai alama ce cewa maɗaurin a wuri ɗaya yake zaune, kuma gogayya a wuri ɗaya kullum tana iya karya gashi. Ki sa ya daidaita tsawonsa yadda kofunan za su riƙe wani kaso na nauyin, ya riƙa hutawa, kuma idan kwarmin bai baje ba har washegari ko yana masa ciwo idan an taɓa, a kai shi asibiti a duba.