Tambaya da Amsa: Masu Ƙananan Tebura a Manyan Kantunan Abuja

TAMBAYA: Assalamu alaikum. Ni matar aure ce da ke zaune a Kubwa, kuma nakan je Jabi Lake Mall da yarana a ƙarshen mako. Abin da ke damuna shi ne samari da 'yammatan da ke tsaye a ƙananan teburan nan na kan hanya, masu sayar da turare da agogo da rigar waya, waɗanda ba na wucewa sai sun kira ni. Idan na tsaya, kunya takan sa na sayi abin da ba na bukata, idan kuma na ɗauke kai, sai abin ya tsaya mini a rai har gida. Maigidana ya ce in daina kula su. Mece ce shawararku?

Mai karatu daga Kubwa

AMSA: Wa'alaikumus salam, Hajiya. Babu wanda ya ɗora miki saye, amma kada ki hana su amsa, domin a nan ne ra'ayina ya ɗan saɓa da na maigidanki.

Yana da kyau ki san wadda take kiran naki. Galibinsu kayan ba nasu ba ne, ɗaukarsu aka yi aiki, kuma da yawa daga Mararaba ko Nyanya ko Suleja suke fitowa da sassafe, su sha cunkoson hanya, su biya kuɗin motar da ya yi tashin gwauron zabi tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a watan Yulin 2024 bai kai ga kowa ba, domin dokar ba ta hau kan wanda ma'aikatansa ba su kai 25 ba, haka kuma ba ta shafi masu aikin kamasho ba. Saboda haka yarinyar da ta miƙo miki 'yar takarda mai ƙamshin turare tana cewa ki shinshina, ba naci ne halinta ba, abincinta ne yake rataye da cinikin ranar. Sau da yawa ita kaɗai ce a teburin, tana tsaye tun safe, ko salla za ta je sai ta roƙi maƙwabciyarta ta duba mata kaya.

Abin da ya fi ci wa irin waɗannan rai, a ganina, shi ne a wuce su kamar ba mutum ne ya yi magana ba. Ki dube ta, ki saki fuska, ki ce, "Sannu da aiki, ƙanwata, yau ba zan saya ba," ki ci gaba da tafiyarki. Ko ba Bahaushiya ba ce, a Abuja kowa ya san sannu. Wannan ya fi mata amfani a kan ki tsaya don kunya ta buɗe miki kwalabe biyar, ta fesa miki a bayan hannu, mai saye na gaskiya ya wuce, sannan ki ce za ki dawo alhali kin san ba dawowa za ki yi ba. Sayen tausayi ma ban goyi bayansa ba, domin wadda ta yi shi sau biyu, a na uku canza hanya take yi.

Ranar da kika tashi saye kuwa, ki tuna hadisin Jabir da Bukhari ya ruwaito, inda Manzon Allah (SAW) ya roƙa rahama ga mutum mai sauƙin kai idan ya sayar, da idan ya saya, da idan ya bi bashi. Neman ragi ba laifi ba ne, amma idan ta ce farashin ke nan, kada ki matsa mata kamar kina kasuwar Wuse, domin mai kayan ne ya yanka shi. Idan ta banki kika tura kuɗin, ki yi haƙuri ki jira su shiga, kada ki ɗauki jiran a matsayin zargi, saboda a wurare da yawa duk abin da ya ɓata daga albashinta ake cirewa. Wannan dalilin ne kuma ya sa ya kamata ki riƙe hannun yara kusa da teburin, tunda tabarau ɗaya da ya faɗi ya fashe zai iya cinye mata wahalar kwanaki. Ki koya musu su gaishe ta kamar yadda suke gaida yayyensu a gida.

Idan ta yi miki hidima mai kyau, ki tambayi sunanta, ki neme ta idan kin dawo, ki kuma tura mata ƙawayenki masu neman turare.