Hukuncin sanya wa majinyaci ƙwayoyin hanji da aka tace daga bayan gidan wani

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ɗana mai shekara 16 yana da sikila. Mun kawo shi Indiya aka yi masa dashen ɓargo, ƙanwarsa ce ta bayar. Dashen ya kama, amma bayan 'yan makonni gudawa ta ɓarke masa, har da jini. Likitoci sun ce sabon ɓargon ne ke yaƙar hanjinsa. Sun ba shi maganin farko bai ji ba, sun ƙara na biyu, sauƙin kaɗan ne. Yanzu suna so su sa masa ƙwayoyin hanjin wani mai lafiya, kuma daga bayan gidan mutumin ake tace su. Mahaifinsa ya ce ba zai sa hannu ba, domin a Risala an ce ba a magani da najasa. Ni ko barci ba na iyawa, don ni na matsa aka yi dashen. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ba yaronki lafiya, Ya sa kaffara ne. Hajiya, hukuncin yana rataye da maganarki cewa an ba shi magani na farko da na biyu bai warke ba. Da a ce za a yi masa wannan ne don rigakafi, ko alhali akwai tsarkakken magani da ba a gwada ba, da na ce ku dakata. Amma a halin da kika siffanta ya halatta, babu laifi a kanki, babu a kan mahaifinsa.

Ciwon nan likitoci na ce masa GVHD: garkuwar jikin da ta zo tare da ɓargon ƙanwarsa ce ta ɗauki fatarsa da hantarsa da hanjinsa a matsayin baƙi. Idan ya sauka a hanji ya ƙi jin maganin sitirod, mai danne garkuwar jiki, yana kisa. A hanjin ɗan Adam kuwa akwai bakteriya iri-iri masu amfani, masu taya shi narkar da abinci da tsare bangon hanji. Magungunan share tsohon ɓargo da magungunan kashe ƙwayoyin cuta sukan ƙarar da yawancinsu, sai nau'i ɗaya ya mamaye wurin. Binciken da aka buga a 2020 kan masu dashe sama da 1,300 a Amurka da Jamus da Japan ya nuna waɗanda ƙwayoyin hanjinsu suka fi yawan iri sun fi tsira. Abin da likitocin ke nema shi ne su mayar masa da abin da ya rasa.

Shi kansa dashen ɓargo halal ne. Kada kuma ki damu da addinin wanda ya ba da ƙwayoyin ko abin da yake ci, bayan gidan mutane hukuncinsa ɗaya, kuma wannan ba ya ƙulla wata dangantaka. Wasu za su ce miki ai tacewa ta tsarkake shi. Ni ban dogara da wannan ba. Na ɗauka najasa ce, a kan haka na yi hukunci.

Maigidanki bai yi ƙarya ba. Ibnu Abi Zaid, mai Risala, ya faɗa cewa ba a magani da giya, ko najasa, ko abin da ke da mushe, kuma shi ne mashahurin mazhabarmu ta Malikiyya. Ibnu Taimiyya ma ya tsaya nan, ya ce ba a kwatanta magani da cin mushe ga wanda yunwa za ta kashe: mushe tabbas yana kashe yunwa, magani kuwa zato ne, mai yunwa ba shi da wata hanya, majinyaci yana da hanyoyi, ci wajibi ne, magani ba wajibi ba. Magana ce mai nauyi, amma ba ta hau kan yaronki ba.

Batun zato tukuna. Shari'a ba ta taɓa shardanta yaƙini a magani ba, da rinjayen zato take aiki. Annabi (SAW) ya yi wa Abdurrahman bin Aufi da Zubairu rangwamen sa alhariri saboda ƙaiƙayi, alhali haramun ne ga maza, kuma ƙaiƙayi bai kai gudawar jini ba. Batun yawan hanyoyi kuwa, gaskiya ne a kan wanda bai gwada komai ba. Naki an bi da shi ta ƙofa biyu duk a rufe. Cewa magani ba wajibi ba ne kuma, ai ba wajabci muke nema ba, halacci muke nema, rashin wajabcin abu ba ya mayar da shi haram.

Saura hadisin da ake yawan kawowa, cewa Allah bai sanya warakarku a cikin abin da Ya haramta muku ba. Ibnu Mas'ud ya faɗi wannan ne a kan abin maye, kuma giya kam babu wanda nake buɗe wa ƙofarta. Sannan Allah da kansa a Suratul An'am, aya ta 119, da Ya ce Ya fayyace abin da Ya haramta, sai Ya togace abin da aka matsu zuwa gare shi. Abin da aka togace ya fita daga haram a wannan halin, don haka hadisin bai shafe shi ba. Da irin wannan fahimtar Nawawi da Izzu bin Abdissalam suka halatta magani da najasar da ba giya ba, idan babu tsarkakken da zai tsaya a madadinta kuma masanin magani amintacce ya faɗa. Malikawa ma sun yarda wanda loma ta shaƙe shi ya kora da giya idan ba wani abin sha, don ceton rai.

Ki tambayi maigidan cikin ladabi: leda nawa ta jini aka ƙara wa yaron nan tun yana ƙarami? Jinin da ya kwarara najasa ne, haramcinsa da nassin Alƙur'ani, amma ya sa hannu ba tare da ɗar ba, kuma ya yi daidai. Abin da ya bambanta masa wannan da wancan ƙyama ce, ƙyama kuwa ba dalili ba ce. Sai dai kada ki je masa da fatawar nan kamar mai kai sammaci. Mutum ne da ke tsoron saɓa wa Allah a kan ɗansa. Ki nuna masa, ya kai wa malamin da ya yarda da shi.

Kafin ku sa hannu ku zauna da likitan. Wannan hanya ta tabbata a kan gudawar da ƙwayar Clostridioides difficile ke maimaitawa, har hukumar magunguna ta Amurka ta amince da nau'i biyu nata a 2022 da 2023. A kan ciwon yaronki kuwa har yanzu ana kan bincike, ko da yake an ga waɗanda suka samu sauƙi. Tana da haɗari kuma: a 2019 wani majinyacin dashen ɓargo ya rasu a Amurka saboda abin da aka ba shi yana ɗauke da ƙwayar da ba ta jin magani, bayan nan aka tsaurara gwajin masu bayarwa. Ku tambaya wane gwaji aka yi wa mai bayarwa, kuma ko akwai maganin da ya rage ba a gwada ba. Idan likitan ya ce amfanin ya rinjayi haɗarin, ku yi bismillah. Idan za a iya sa masa ta bututu ko ta ƙasa, na fi son haka a kan haɗiyar kafso, amma zaɓin likita ne ke gaba. Yaron ma a gaya masa, ɗan shekara 16 ba jariri ba ne.

Na san halinmu da majinyaci: kowa da abin da zai aiko. Kada ki ba shi jiƙo, ko kindirmo, ko ɗanyar zuma, ko ruwan rubutu da ba a tafasa ba sai likita ya yarda, domin jikinsa yanzu ba shi da mai tsaro. Ki yi masa tofi da addu'a iya ƙarfinki. Sallah kuma ba ta faɗi a kansa ba: ya yi a kwance ko da ishara, ya yi taimama idan ruwa ya gagara, gudawar da ta lazimce shi mafi yawan lokaci ba ta warware alwala. Azumi ya bari sai ya warke.

Maganar cewa ke kika matsa, ki ajiye ta. Kin nema wa ɗanki magani ta hanyar halal da shawarar masana, ba za a tambaye ki abin da ya biyo baya ba. Wadda nake jiye wa ita ce ƙanwarsa. Kada wani ya sake ya ce ɓargonta ne ke cutar da yayanta a inda za ta ji. Ki gaya mata da bakinki cewa sadaka ta yi, kuma wannan ciwo yana samun masu dashe ko da ɓargon ya dace sosai.

Wallahu a'alam.