Amsa: Injin wanke kwanuka ba ya zubar da ruwa

Malam, ka ce ruwa na kwanciya a gindin injin, kwanuka kuma suna fitowa da maiƙo. Galibi abu ɗaya ne ke jawo duka biyun: matatar ta toshe, sai injin ya riƙa watsa wa kwanukan ruwan datti.

Fara zare filogi tukuna. Kwashe ruwan da kofi, ka murɗo matatar da ke ƙasa, ka goge ta da tsohon buroshi da ruwan zafi da sabulu. Sannan ka haska ramin famfon da ke fitar da ruwan, wanda ke ƙarƙashin matatar, da tocila. Ƙayar kifi ko ɓarɓashin gilashi kan hana fankarsa juyawa, don Allah ka kula da yatsunka. Ƙofofin hannun feshi (hannun da ke juyawa yana watsa wa kwanuka ruwa) kuma ka tsokale su da tsinken sakace.

In har yanzu ruwan bai tafi ba, jawo injin ka duba tiyon baya ko ya lanƙwashe.