Ragar ƙarfe mai buɗe kanta a cikin jijiya: amsoshin likita

Likita, mahaifina yana da ciwon suga, kuma da ya ɗan yi tafiya sai ƙafa ta riƙe. An ce jijiyar cinyarsa ta toshe, za a sa masa sitent mai buɗe kansa. Ƙarfe ya buɗe kansa? (Daga Zariya)

Allah ya ba Baba lafiya. Sitent 'yar raga ce mai siffar bututu da ake tokare jijiya da ita ta ciki don jini ya samu hanya. Wadda aka faɗa muku da nitinol ake ƙera ta, gamin nikel da titaniyam, wanda aka gano a ɗakin binciken sojan ruwan Amurka wajen 1960. Ƙarfe ne da ba ya manta siffarsa. A masana'anta ake gasa ragar a faɗin da ake so, sannan a matse ta cikin siririn bututu. Likita zai zura bututun ta matsematsi har wurin toshewar, ya janye bututun da ya rufe ragar, ɗumin jiki ya mayar da ita faɗinta. Ita ta fi dacewa da cinya, domin jijiyar wurin kullum cikin lanƙwasa take (zaman tahiya ma ya isa misali), kuma ko an danne ta takan dawo. Na zuciya galibi da balan-balan ake buɗe su.

Zafin garinmu ba zai sa ta ƙara buɗewa ta fasa jijiya ba? (Daga Sakkwato)

A'a. Ko rana ta kai digiri 45, cikin jikinka yana wajen 37. Faɗin da aka gasa ta a kai kuma shi ne iyakarta.

Zan iya shiga na'urar MRI?

Galibi eh. Da maganaɗisu na'urar take ɗaukar hoton cikin jiki, kuma maganaɗisu ba ya jan nitinol. Amma ki nuna katin sitent ɗinki kafin hoton.

Ƙafata ta warke, in daina asfirin da kulofidogirel? (Daga Maraɗi)

Kul! Wannan tambayar ta fi sauran tayar mini da hankali. Jini yakan daskare a kan ragar kafin fatar jijiya ta lulluɓe ta, magungunan nan ne ke hana hakan. Likitan da ya sa maka ita kaɗai zai ce ka tsaya. In kana shan taba, ita ce za ka daina yau.