Tsohuwar kwamfuta, antiX da Midnight Commander

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina da shagon buga takardu a Tahoua. Tsohuwar kwamfutata mai ram giga 2 ta gaji da Windows, sai ƙanena ya saka mini antiX, wani nau'in Linux mara nauyi, a madadinsa. Ta samu sauƙi sosai, amma ya ce in koyi sarrafa fayiloli daga taminal, wato tagar da ake rubuta wa kwamfuta umarni. Wace manhaja zan ɗauka, kuma yaya ake saita ta?

Amsa: Wa'alaikumus salam, Malam, Allah ya ba da kasuwa. Masu wannan harka sun fi ambaton uku: ranger, nnn da Midnight Commander, wanda ake taƙaitawa mc. Ranger sai wanda hannunsa ya saba da maɓallan vi, wata tsohuwar manhajar gyara rubutu, nnn kuwa ba shi da nauyi ko kaɗan amma a cikin .bashrc, fayil ɗin da taminal ke karantawa in an buɗe ta, ake rubuta saitinsa. Kai da wuninka kwashe takardun ƴan makaranta ne daga filash zuwa kwamfuta, mc zan zaɓa maka. Miguel de Icaza ya fara shi a 1994, kuma har yau fasalinsa ɗaya ne: allo rabi biyu, hagu da dama.

AntiX daga Debian ya fito, wani babban nau'in Linux, don haka in ka rubuta mc bai buɗe ba, rubuta sudo apt install mc. Tab ke tsallaka da kai daga rabi zuwa rabi. Buɗe filash a hagu, galibi yana ƙarƙashin /media, foldar aikinka a dama. F5 kwafi, F6 matsarwa ko sauya suna, F7 sabuwar folda, F10 fita.

Inda mutanenmu ke tuntuɓe shi ne allon maɓallai. Yawancin kwamfutocin Nijar AZERTY ne, tsarin Faransa, kuma a kansa lambobi da ɗigo sai da Shift. Ɓoyayyun fayiloli da ake nunawa da Alt da ɗigo, a wurinka sai ka haɗa Alt, Shift da maɓallin ɗigon. Wani lokaci kuma taminal ɗin ce ke cafke F10 kafin ya isa ga mc, ko laftof ta mai da maɓallan F na ƙara sauti. Kada ka wahala: danna Esc, saki, sannan lambar. Esc da 5 daidai yake da F5, Esc da 0 daidai da F10, amma kar ka manta Shift ɗin nan.

Saiti yana F9, ƙarƙashin Options. Gyara abin da kake so, sannan ka zaɓi umarnin adanawa da ke ƙarshen jerin. Yawancin saitin yana shiga fayil ɗin ~/.config/mc/ini. In da hannu za ka gyara shi, rufe mc tukuna, domin yakan sake rubuta fayil ɗin lokacin fita, aikinka ya tafi a banza.

F8 kuwa na gogewa ne, a kula. Mc ba shi da kwandon shara, abin da ka goge ya tafi ke nan. Bar tambayar tabbatarwa a kunne ko da tana ba ka haushi. Ni na taɓa kashe ta don gaggawa, takardun mako guda suka salwanta. Haka kuma kafin ka zare filash, danna Ctrl da O don wurin rubuta umarni ya fito, rubuta sync, umarnin da ke ƙarasa rubuta komai a kan filash, ka jira ya gama, musamman a watannin zafi da wuta ke yawan ɗaukewa.

Tambaya daga Yamai: Malam, sunayen fayilolina masu é, ɗ ko ƙ suna fitowa da alamar tambaya a mc. Sun lalace ne?

Amsa: Lafiyarsu ƙalau, ƴar'uwa, saitin harshe ne ba UTF-8 ba, wato tsarin da ya san irin waɗannan haruffa. Rubuta sudo dpkg-reconfigure locales, zaɓi fr_FR.UTF-8, ki mai da shi na dindindin, ki fita ki sake shiga. In ɗ da ƙ sun koma ƴan akwatuna, to salon rubutun taminal ne ba shi da su, sauya shi zuwa DejaVu Sans Mono.