Allon Motata Mai Lantarki Yana Ɗaukewa Da Rana: Kamfani Zan Kai Ta Ko Mai Gyara?

TAMBAYA: Assalamu alaikum, Injiniya. Ina zaune a wani ƙauye kusa da Ringim, ina noman rani da sayen hatsi. Da mai ya yi tsada na sayi ƙaramar mota mai lantarki ta hannu a wajen wani dila a Kano, ina cajinta da solar gidana. Wata takwas lafiya lau. Tun shigowar bazara, allon da ke tsakiyar dashbod sai ya yi baƙi ƙirin da tsakar rana, da safe kuma ya dawo kamar ba shi ba. Wani lokacin har danna kansa yake yi. In ya ɗauke babu na'urar sanyi, babu kyamarar ribas, amma motar tana tafiya. Dila ya ce in kai ta Abuja, wani yaro mai gyaran waya kuma ya ce zai buɗe ya gyara. Wanne zan bi? Kuma kamfani zai gyara min kyauta?

AMSA: Wa alaikumus salam, Alhaji. Kada ka bi ko ɗaya daga cikinsu tukuna. Maganar da ka yi cewa allon yana aiki da safe, yana ɗaukewa da rana, ita ce bakin zaren, domin gilashin da ya mutu ba ya farfaɗowa da asuba.

Allon nan fuska ce kawai. A bayansa akwai kwamfuta, ita ke riƙe da na'urar sanyi, kyamara, taswira da saitin caji. Injin da ke juya tayoyi da birki suna da nasu kwamfutocin daban, shi ya sa motar ke tafiya ko da allon ya yi duhu. A motar fetur in rediyo ya mutu sai dai ka rasa labaran yamma. A nan kuwa kamfanoni sun kwashe maɓallai sun zuba su wuri ɗaya don rage kuɗin ƙira, ni dai ban taɓa ganin hikimar ɓoye maɓallin goge raɓar gilas a cikin allo ba.

Wanda nake fara tuhuma kullum shi ne ƙaramin batir. Mutane da yawa ba su san motar lantarki tana da batir biyu ba: babban da ke shimfiɗe a ƙarƙashinta, da ƙarami mai bolt 12 irin na kowace mota. Allo, fitilu, makullin ƙofa da duk kwamfutoci daga ƙaramin suke sha. Babban yana iya nuna maka kashi 90, alhali ƙaramin yana kan gargara. Motar hannu ta daɗe a ajiye, ta daɗe a jirgin ruwa, ta zo ta tarar da zafin Jigawa mai cinye batir, ga shi ba wanda ya san shekararsa. Ka samu rewaya mai mita a Ringim, ba sai ka je birni ba. Idan batirin irin na dalma ne, bayan motar ta kwana a kashe ya kamata ya nuna bolt 12.4 zuwa 12.7. In ka kunna motar ta shirya tafiya, ya hau wajen 13.5 zuwa 14.5, alamar babban batir yana ba shi caji. Ƙasa da 12 a kashe, batir ya gaji. In kuma an kunna bai hau ba, to na'urar da ke sauko da wuta daga babba zuwa ƙarami ce ke da matsala, wannan aikin ƙwararru ne. A duba kawunan batirin ma, ko sun yi sako-sako saboda gargadar hanyar ƙauye, ko sun yi farin gari. Sai dai ka karanta jikinsa kafin ka aika kasuwar Ƙofar Ruwa ta Kano a sayo sabo, domin wasu sabbin motoci ƙaramin batirinsu na litiyam ne, ba a musanya shi da na kasuwa.

Sai zafi. A watan Afrilu inuwa kanta tana kai digiri 40, dashbod ɗin motar da aka rufe a rana kuwa yana iya haura 70. Kwamfutar tana da ma'aunin zafi, in abin ya yi yawa sai ta kashe kanta don kada ta ƙone, kamar yadda wayarka ke yi in ka bar ta a bakin rijiyar burtsatse da azahar. Ƙurar hunturun da ya wuce ta toshe ramukan iska da ƙaramar fankarta, sai zafin ya rasa mafita. Danna kansa da allon ke yi ma yawanci daga nan ne: zafi yana sassauta gam ɗin da ya haɗa gilas da shimfiɗar da ke jin taɓawa, gumi da ƙura kuma su rikita ta. Ka yi gwaji na mako guda. Ka ajiye motar a ƙarƙashin darbejiya ko rumfa, ka rufe gilashin gaba da kwali, ka goge allon da tsumma mai laushi ba tare da zuba masa ruwa ba. In matsalar ta ragu, ka kama ɓarawonka. In ka ga kumfa a cikin gilashin, ko gefensa ya yi ruwan ɗorawa, ko wani abu mai danƙo yana tsiyaya, to allon ne da kansa, canji zai sha.

Yawancin motoci suna da hanyar sake tayar da kwamfutar allo ba tare da kwance komai ba. A motocin kamfanin Tesla ana danne ƙananan maɓallan murzawa biyu na kan sitiyari har allon ya mutu ya dawo. A wasu motocin maɓallin sauti ake dannewa na ɗan lokaci. Littafin motarka zai faɗa maka, kuma a tsaye ake yi.

Akwai cuta ta uku wadda ba ruwanta da safe ko rana, kuma ita ce ta nuna iyakar alhakin kamfani. Motocin Tesla Model S na 2012 zuwa 2018 da Model X na 2016 zuwa 2018 suna da ƙwayar ajiyar bayanai mai girman gigabait 8 a cikin kwamfutar allo. Irin wannan ƙwaya tana da iyakar rubutu da gogewa, wajen sau 3,000, kuma motar kullum rubutu take yi a kanta. Bayan shekara biyar zuwa shida sai allon ya fara nauyi, ya riƙa sake tashi, daga ƙarshe ya mutu. Hukumar kula da lafiyar ababen hawa ta Amurka, NHTSA, ta ce wannan batun tsaro ne tunda kyamarar ribas da na'urar goge raɓa suna tafiya tare da shi. A Fabrairun 2021 kamfanin ya janye motoci kusan 135,000, wato ya kira su gyara, ya sa musu ƙwaya mai gigabait 64 kyauta. Alamar wannan cuta ita ce lalacewar tana ƙaruwa wata bayan wata, ko da sanyi ko da zafi.

To, batun kyauta. Gaskiya ɗaya ce, Alhaji: garanti yana bin ƙofar da mota ta shigo ne. Wadda aka saya sabuwa a hannun wakilin kamfani na Najeriya, kamar Hyundai Kona mai lantarki da Stallion ya fara haɗawa a Legas a 2020, mai ita yana da inda zai kai kuka. Wadda aka ƙera don kasuwar wata ƙasa, wani ya hau ta a can, dila ya shigo da ita, galibi garantinta ya tsaya a ƙasar da aka fara sayar da ita, har sabunta manhajarta ta intanet ma yakan gagara saboda layin da ke cikinta na can ne. A irin wannan hali abokin maganarka dila ne, da abin da ya rubuta maka a rasit.

Saboda haka ka tara hujja. Duk lokacin da allon ya ɗauke ka ɗauki bidiyo, a ga agogo da kilomita. Ka kwafi lambar shasi mai harafi da lamba 17 da ke ƙasan gilashin gaba. Ka tura wa dila da wakilin kamfanin, in akwai shi, a rubuce ta WhatsApp, ba kiran baki ba. Ka tambaye su ko akwai sanarwar janye motoci a kan wannan lamba, ko kayan gyaran yana hannunsu ko sai an yi oda, nawa ne, kuma kwana nawa motar za ta yi. Kada ta bar gida sai amsar ta zo, domin na sha ganin mota ta yi watanni a gareji tana jiran kaya. Ranar ajiyewa ka karɓi takardar aiki mai sa hannu, ranar ɗauka ka nemi tsohon kayan da aka cire. In dila ya yi maka alkawari a rubuce ya saɓa, hukumar kare haƙƙin masu saye ta tarayya, FCCPC, tana karɓar ƙorafi, kuma takardun nan za ta fara nema.

Yaron nan mai gyaran waya ba na raina shi. A kasuwar waya ta Farm Centre a Kano akwai yaran da ke ɗaga ƙwaya daga cikin waya su dasa wata da hannun da ba ya rawa, kuma in babu garanti, kwamfutar kuma ta tabbata ita ce, irinsu ne za su cece ka. Amma sai rewaya ya ciro akwatin kwamfutar ya kai masa teburinsa, kuma sai an kwafe bayanan tsohuwar ƙwayar kafin a taɓa ta, domin a ciki shaidar da motar ke gane kwamfutarta take. In akwai sauran garanti, buɗe akwatin kaɗai ya kashe garantin. Kuma kowa ya nisanci wayoyi masu ruwan lemo: wutar babban batir ce, wajen bolt 400.

In tafiyar Abuja ta zama dole, daga Kano kaɗai ta haura kilomita 400, da wuya caji ɗaya ya kai ƙaramar mota, ga shi ba ka da allon da za ka dogara da shi. A ɗora ta a bayan babbar mota, tayoyi huɗu a sama. Kada a ja ta da igiya, domin tayoyin suna juyawa injin yana haifar da wuta, sai a je gyaran allo a dawo da matsalar inji.