Tambaya da Amsa: Ina Log ɗin Rauta Ke Tafiya In An Ɗauke Wuta?

Tambaya: Assalamu alaikum. Ni ke kula da intanet ɗin wata makaranta, da rautar MikroTik muke aiki. Sadarwa na yawan katsewa cikin dare, amma in na duba log da safe sai in tarar babu komai, 'yan layukan da ke ciki kuma suna nuna shekarar 1970. Ko na'urar ce ta lalace? Mai karatu daga Zariya.

Amsa: Wa alaikumus salam. Malam, rautarka lafiyarta ƙalau, matsala biyu ce ta haɗe maka.

MikroTik a cikin RAM, ma'adanar wucin gadi da ke gogewa in babu wuta, take ajiye log, wato bayanan abubuwan da suka faru a na'ura, layi 1000 kacal in ba a taɓa saitin ba. Da an ɗauke wuta, kafin janareta ya tashi, komai ya goge. Ana iya sa ta ta riƙa rubutawa a ma'adanarta ta ciki, sai dai wurin ƙarami ne, kuma yawan rubutu na kashe shi da wuri.

Fitar da log ɗin daga cikin rauta, shi ne magani. Ware kwamfuta ɗaya, ko tsohuwa ce, ka sa mata Linux da rsyslog, manhajar da ke karɓar log tana ajiyewa, ka ba ta adireshin IP da ba ya canjawa, ka jona ta da UPS, batirin da ke riƙe ta in an ɗauke wuta, sannan ka buɗe mata ƙofa (port) ta 514 ta UDP, hanyar da saƙonnin log za su bi su iso. A rautar ka shiga System, Logging, Actions, ka sa adireshin kwamfutar a remote. Daga nan ka koma Rules ka tura info, warning, error da critical zuwa can. Wannan matakin ne mutane suka fi mantawa da shi, su yi ta jiran saƙon da ba a aiko ba. Amfanin bai tsaya ga wuta ba: wanda ya yi kutse yakan fara da share log don ɓatar da sawu, amma abin da ya riga ya fita ba ya hannunsa. Ka dai sani UDP ba ya tabbatar da isar saƙo, ba ya kuma ɓoye shi, don haka kada ya fita daga sadarwar cikin gida. Na'urar da ke iya TLS, wato hanyar da ke ɓoye saƙo, ƙofa ta 6514 ce tata.

Batun 1970 kuwa, rautoci da yawa ba su da batirin agogo, shi ya sa in wuta ta ɗauke agogonsu ke komawa can. Kunna NTP, mai daidaita agogo ta intanet, ka zaɓi yankin lokaci na Africa/Lagos, ka kuma sa rsyslog ya buga lokacin isowar kowane saƙo. In agogon na'urori ya saɓa, ba za ka gane wacce ta fara faɗuwa ba.

Tambaya: In bar debug a kunne don kada komai ya wuce ni? Kuma har yaushe zan ajiye log? Mai karatu daga Maraɗi.

Amsa: Kada ka bar shi. Matakan syslog, wato tsarin aika log, takwas ne, daga 0, gaggawa, zuwa 7, wato debug, mai rubuta kowane ƙaramin motsi na na'ura. Aikin yau da kullum mataki na 6 ya wadatar. Debug na iya cika na'urar Cisco da aiki har ta daina amsawa, yana kuma binne saƙon da kake nema. Kunna shi lokacin bincike kawai, da ka gama ka kashe shi; a Cisco ka rubuta undebug all.

Wajen ajiya, sa logrotate, manhajar Linux mai kula da fayilolin log, ya yanke fayil kullum ya matse shi. A ganinmu kwana 90 ne mafi ƙaranci, domin kutse yakan daɗe kafin a farga. Ka riƙa duba sauran wurin faifai, don in ya cika rubutu tsayawa yake ba tare da sanarwa ba.